Asabar: ni da Abba da dodannin Turawan da

Yau ban je ko'ina ba, in ban da masallaci da wurin mai gyaran fanka, shi ma ya ce sai Litinin. Abba ɗan yayata yana nan wurinmu hutu, kullum kai sunkuye a kan waya. Da hantsi ya leƙo ɗakina ya tarar ina kwashe finafinai daga wani tsohon fulash zuwa kwamfuta. Da ya ga hotunan duk baƙi da fari sai ya ce, "Kawu, wannan wane irin fim ne, kamar hoton auren Inna?" Na ce na ban tsoro ne. Yaro ya yi dariya har da riƙe ciki. Shekararsa 14, ya saba da irin na yanzu, inda jini ke malala kamar kwata ranar jajiberin salla. Na ce to, mu je zuwa, mahaukaci ya hau kura.

Bayan la'asar muka fito tsakar gida na sa mana Frankenstein na 1931, wanda James Whale ya shirya wa kamfanin Universal a Amurka. Inna tana gefe tana gyaran zogale, wai ita ba kallo take ba, amma kafin minti goma ta jawo kujerarta. Dole na zama ɗan fassara, ina yi ina ƙara gishiri. Sai da na fara warware wa Abba wani kuskure da kusan kowa ke yi: Frankenstein sunan likitan ne, shi dodon ko suna ba a raɗa masa ba. Hatta a jerin sunayen farkon fim ɗin, alamar tambaya aka sa a gurbin wanda ya fito a matsayinsa, wato Boris Karloff, wani Baturen Ingila da a lokacin ba a san shi sosai ba. Labarin kuwa daga littafin Mary Shelley ne na 1818, wanda ya fito tana da shekara 20 kacal.

Da aka zo wurin da likitan ya harhaɗa sassan gawarwaki, tsawa ta faɗo, hannu ya motsa, har ya kama sambatu yana kwatanta kansa da Mahalicci, Inna ta ajiye faifai ta ce, "A'uzu billahi! Auta, kashe abin nan." Da ƙyar na lallashe ta. Na gaya mata su ma masu tace finafinai na can sun taɓa yanke wannan furucin, ta ce ashe akwai masu hankali a cikinsu.

Ni dai abin da ke dawo da ni kan fim ɗin nan shi ne shigowar dodon ta farko. Da baya yake shigowa, sannan ya juyo a hankali. Kai a shafe kamar an yanke da zarto, ƙarfe biyu a wuya, fatar ido ta yi nauyi kamar mai jin barci. Aikin Jack Pierce ke nan, mai kwalliyar kamfanin, wanda kan ɓata sa'o'i kullum yana gina fuskar nan da auduga, ga wasu manyan takalma masu nauyi da suka sa tafiyar ta zama ta wanda yau ya fara koyon tsayuwa. Sai aka buɗe tagar sama haske ya sauko, ya miƙa hannu biyu yana son ya kama shi. Aka rufe. Ya tsaya da hannuwa a buɗe kamar almajirin da aka ce wa Allah ya ba da haƙuri. Na kalli wurin nan ya fi sau goma, har yau yana taɓa ni.

Sai wurin yarinyar nan a bakin tafki. Ta ba shi furanni suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo a sama. Nasa suka ƙare, sai ya ɗauke ta ya jefa, a zatonsa ita ma haka za ta yi. Inna ta dafe ƙirji. "Wayyo! Ai shi ma yaro ne. Wa ya taɓa koya masa wani abu?" Daga nan har ƙarshe, lokacin da mutanen gari suka cinna wa injin niƙa wuta yana ciki, likitan take yi wa faɗa, wai ka kawo abu duniya ka juya masa baya. An yi shekaru kusan 50 ana nuna fim ɗin ba tare da jefawar ba, sai a shekarun 1980 aka mayar da ita. A ganina yankewar ta fi cutar da dodon: ka ga ya miƙa hannu ga yarinya, can kuma ga uba ɗauke da gawa, sai zuciya ta raya maka abin da ya fi wanda ya faru muni.

Abba ya ce ya ji tausayi, amma tsoro kam ko kaɗan. Na ce a bari dare ya yi.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, kamar an san shirina. Muka shige ɗaki da Nosferatu, na Jamus, 1922, na F. W. Murnau. Babu magana ko ɗaya, sai kiɗa da rubutu a allo. Da farko Abba yana ta tsokana, wai mutanen suna tafiya kamar an sa musu batir. Da Max Schreck, wanda ya fito a matsayin dodon, ya bayyana, kai ƙwal, kunnuwa masu tsini, haƙora biyu a gaba irin na ɓera, farata zaƙo-zaƙo, sai tsokanar ta fara raguwa. Da ya miƙe daga akwatin gawa a cikin jirgin ruwa, ƙiƙam kamar an ɗaga katako, ban sake jin bakin yaron ba. Inna daga ƙofa ta leƙo ta ce, "Wannan ai maye ne," ta yi gaba.

Saura kaɗan ma da ba mu taɓa ganin fim ɗin ba. Labarin Dracula na Bram Stoker suka ɗauka ba izini, suka sauya sunaye. Matar Stoker ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ce a lalata duk kwafinsa, wasu 'yan kaɗan ne suka tsira.

Wurin da nake jira ya zo: ba a nuna shi ba sam, inuwarsa kaɗai ke hawa matattakalar bene, yatsun suna tsawo a jikin bango har suka kai ƙofa. Nan take na tuna kakata tana mana tatsuniyar Dodo a gaban aci-balbal, in ta ɗaga hannu inuwar ta cika ɗaki, mu duka mu cure wuri guda. Ita ma ba ta taɓa gaya mana kamanninsa ba. A fim ɗin carar zakara da fitowar rana ne suka gama da shi, ya bi iska kamar hayaƙi.

Gobe King Kong na 1933, in an kawo wuta na yi caji. Ina so in nuna wa Abba yadda gashin birin ke motsi shi kaɗai, saboda ɗan mutum-mutumi ne mai tsawon inci 18 da aka lulluɓe da fatar zomo, sawun yatsun masu motsa shi ne ke fitowa.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Abba ya kwaso tabarmarsa daga ɗakin zaure ya shimfiɗa a gefen gadona, wai sauro ya yi yawa a can. Inna ta jiyo shi ta ɗaga murya, "Angon nawa, ko in zo in raka ka banɗaki?" Ya ce ba ya ji. Ga shi nan kwance yana ta juyi, ya kuma roƙe ni in sauke babbar rigar da na rataye a bayan ƙofa.