Kwana shida a bakin gadon ɗan ƙanwata

Daminar bara palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya kada ɗan ƙanwata, shekararshi biyu, yana ta sanƙarewa ido ya juye, muka kwashe shi sai likita, suka wuce da shi ɗakin yaran da jikinsu ya yi tsanani. Uwar na da tsohon ciki, ni na zauna jinya. Duk wanda ya san Maraɗi a watan Agusta ya san yadda ɗakin nan ke cika, yara bibbiyu a gado, da dare ma'aikaciya ɗaya tal tana ta kai da kawo ko zama ba ta yi.

Dare na biyu na ga hannun da aka sa mishi serom ya kumbura ya yi sumul, na taɓa na ji sanyi. Ashe allurar ce ta goce daga jijiya, ruwan na ta zuba cikin nama. Wallahi na fi rabin awa ina kallon hannun nan ina shawara da zuciyata, kar in yi magana a ce na cika iyayi, ni da ban yi karatun likita ba. Wata tsohuwa mai jinyar jikanta ta zungure ni, "Ke ɗiyata, tashi ki kira ta, kunyar mi?" Da ma'aikaciyar ta zo ko faɗa ba ta yi ba, ta rufe serom ɗin ta nemo wata jijiya a ƙafa, cewa ma ta yi ai da tun ɗazu na kira ta.

Daga nan bakina ya buɗe. Maganin yara da kilo ake lissafa shi, allurar artesunate ta maganin palu, yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake mishi a kowane kilo, to ga shi wanda suke gado ɗaya da namu sunansu ɗaya kuma ya girme shi nesa ba kusa ba, in karne, wato katin maras lafiya, ya musanya fa? Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ma ta ce cikin marasa lafiya 10 kusan 1 na cutuwa a wurin neman magani. Sai na koma duk allurar da aka zuƙo sai na tambaya, madam ta wanne ce cikinsu? Kuran ya ɗauke, injin oksijan ya tsaya, ni ce da gudu babu ko takalmi.

Ranar da aka sallame mu hannun bai gama saɓewa ba. Tsohuwar na nan kan tabarmarta tana yi wa jikan fifita, ko lambarta ban karɓa ba.