Taguwar yadi mai miƙewa: wadda na ɓata da waɗanda suka yi kyau

Na yi shekara 11 ina ɗinka atamfa da shadda da leshi a cikin gida kafin in taɓa sa almakashi a yadi mai miƙewa, wato irin yadin nan saƙaƙƙe da ake yin singileti da rigunan 'yan ƙwallo da shi. Abin da ya kai ni gare shi kuwa shi ne autata mai shekara 4, wadda ba ta ƙaunar rigar da ke da zif ko maɓalli, kuma kullum da safe sai an yi kokawa da ita kafin a shirya ta. Na ƙudura a raina cewa zan yi mata taguwa mai sauƙi wadda za ta zura da kanta, in ta yi kyau kuma in yi wa kaina irinta ta zaman gida.

Na sayo yadi uku a Kantin Kwari, mai faɗin inci 60. Mai shagon ya ce auduga ce da ɗan roba a ciki, na kuwa gwada kafin in biya: na ja yadin ta faɗinsa na saki, ya koma yadda yake. Da na isa gida na ƙona ɗan ƙyalle don in ƙara tabbatarwa, domin auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin takarda, foliyesta kuwa narkewa take yi ta dunƙule. A zafin Kano na watan Afrilu, wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga jikin yaro.

Fasalin rigar ba shi da wuya ko kaɗan. Na ninka wata tsohuwar rigarta gida biyu, na shimfiɗa a kan takardar buhun siminti, na zana da alli, na ƙara tsawon ya sauko har saman gwiwa, na ɗan buɗa ƙasan, sannan na bar hannun ya fito daga jikin rigar ba tare da an yanka shi daban ba. Gaba da baya ke nan, ƙyalle biyu, sai ɗan siririn da za a yi wuya da shi. Cikin minti 40 na gama, ina ta yaba wa kaina.

Yarinyar na zura kanta sai muka ji ƙarar zare yana tsinkewa, wuyan ya farke daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Da na duba sauran ɗinkin na tarar keken ya yi ta tsallake, ƙasan rigar kuma ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar gefen ganyen latas. Da na wanke ta don in ga ko za ta daidaita, sai ta tsuke, ta rage tsawo da kusan inci biyu.

Na ɗauki rigar na kai wa wani dattijon tela a unguwarmu wanda ke ɗinka kayan wasanni na 'yan makaranta. Ya jujjuya ta, ya ja ɗinkin da yatsu biyu, sannan ya ce, “'Yata, ɗinkin atamfa kika yi wa yadin da ba atamfa ba. Yadin yana tafiya, zarenki yana tsaye, dole ɗaya ya ba ɗaya hanya.” Na ce, “To Baba, ni da kekena na ƙafa ne, ba ya zigzag, yaya zan yi?” Abin da ya koya mini a rabin sa'ar nan shi nake aiki da shi har yau.

Ya fara da allura. Allurar da muka saba da ita tana da tsini, tana huda zaren saƙar ta raunana shi, shi ya sa ƙananan ramuka ke fitowa a bakin ɗinki bayan wanki. Yadi mai miƙewa yana son allura mai mulmulallen baki, wadda ke ratsawa tsakanin madaukan saƙar ba tare da ta yanke su ba. Lamba 11 ko 12 ta isa ga yadi mara kauri, kuma da na canza ta tsallaken ya daina. Zare kuma na foliyesta ya fi, saboda ya fi na auduga jure ja.

Maganar jan yadi ita ce ta fi ɗaure mini kai, domin hukuncinta ya danganta da keken da ke gabanki. Idan keken yana zigzag, wato ɗinkin da allura ke kai-da-komo hagu da dama, sai a sa siriri, a bar yadin ya tafi da kansa, kada a ja shi ko kaɗan, tunda ɗinkin ne zai miƙe tare da shi. Idan kuwa miƙaƙƙen ɗinki kawai keken yake yi, kamar Butterfly ɗina, sai a ɗan tsawaita ɗinkin, a riƙe yadin gaba da baya a miƙar da shi kaɗan daidai wa daida yayin da allura ke tafiya, ta yadda in an sake shi zaren zai sami sarari. Ni a karon farko na ja ƙasan rigar da ƙarfi inda ba a bukata, na bar wuyan a sake inda ake bukata. A wurin da yadin ke son shigewa ramin allura, 'yar takarda a ƙarƙashinsa tana magance matsalar, a yage ta bayan an gama.

Wuya shi ne rigar. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na sa tef na auna shi ne cewa kewayen kan yarinyar ya kai inci 20, nawa kuma 22 ne kacal, alhali kafaɗarta ba ta kai rabin faɗin ƙirjina ba. Saboda haka wanda ya rage fasalin babba ya mayar da shi na yaro, wuya da komai, zai yi rigar da kai ba zai shiga ba. Ƙyallen wuyan ana yanka shi ta ɓangaren da yadin ya fi miƙewa, faɗinsa inci biyu, tsawonsa kuma ya gaza kewayen wuyan rigar da kimanin kashi 15 cikin 100: in wuyan inci 20 ne, ƙyallen ya zama 17. A haɗa bakinsa ya zama zobe, a ninka shi biyu, a raba shi gida huɗu, a raba wuyan rigar ma gida huɗu, a haɗa alama da alama, sannan a miƙar da ƙyallen kaɗai yayin ɗinki, ba jikin rigar ba. Wannan gajartar ce ke sa wuyan ya kwanta luf a jiki maimakon ya tashi tsaye.

Kafin in yanka ta biyu na wanke sauran yadin na shanya shi a shimfiɗe. Na kuma tabbatar miƙewar ta zagaya jiki ne, ba daga sama zuwa ƙasa ba, na sa siririn ƙyallen atamfa a cikin ɗinkin kafaɗa don kada ta zazzago. Gefen yadin yana nannaɗewa, abin da ke ba da haushi wajen yanka, amma guga mai ɗan ɗumi yana kwantar da shi. Ladan wahalar shi ne ba ya zarewa, don haka ban kai wibin ba, wato ɗinkin da ake yi wa gefen yadi don kada ya zare, ƙasan ma ninki ɗaya na yi masa.

Tawa ta ci yadi ɗaya da rabi da sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Na ƙara inci huɗu a kan awon ƙuguna domin ba na son riga mai kama jiki, na tsaga gefe biyu tsawon inci shida saboda zama a tabarma da sunkuyon aikin gida, na kuma sa hannun ya wuce gwiwar hannu. Inda na yi kuskure shi ne tsawo, domin yadin yana da nauyi, bayan kwana biyu a rataye ta ƙara sauka har sai da na rage. Tun daga ranar ninke irin waɗannan riguna nake yi, ba na rataye su.

Farkakkiyar ta fari ban jefar ba. Na yanke wuyan gaba ɗaya, na faɗaɗa shi, na sa sabon ƙyalle ja daga wata tsohuwar singileti, kuma tunda ta riga ta tsuke, ɗan ƙanwata mai shekara biyu ne yake sa ta yanzu.