Tarihin Rayuwata, kashi na 6: Shekarar da aka yanke sabis

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a inda 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyenmu haraji kafin su bari a yi noma. Toh mazanmu sun yi karo-karo an kai musu kuɗin, amma wallahi gonaki kawai kuɗin nan ya fansa, mu mata babu mu a cikin sulhun.

A watan Satumba na 2021 aka yanke sabis ɗin waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, wai don a matse 'yan bindigar. Su kuma da yunwa ta kama su sai suka huce a kanmu. Da la'asar sakaliya za ki ji ƙarar babura, maza su faɗa daji don duk wanda aka riska kashe shi ake yi, mu a bar mu da yara, su shigo su ce a ɗora musu tukunya, su ci su ƙoshi sannan su nuna wadda suke so su ja ta ɗaki, kuma ba wanda za ki kira ko da kina da waya a hannu. Matar yayana har gidanta suka gane, in sun shigo gari nan suke fara dosa. Ni ake miƙa wa goyonta, in tsaya a gindin rumbu ina jijjiga shi ina toshe masa baki da gefen zanina kar kukansa ya ba su haushi.

In sun tafi Gwaggo ta dafa ruwan bagaruwa ta ce wa matar yayana ta shiga, tana cewa "ki yi haƙuri 'yar nan, ki rufa wa kanki asiri, kar ki gaya wa kowa." Kowa kuma ya sani! Kusan kowane gida an taɓa shi, amma a bakin rijiya gaisuwa kawai muke yi ido a ƙasa. Yaya bai sake ta ba, sai dai ya daina cin tuwonta, ya daina shiga ɗakinta, sai ka ce ita ta gayyato su. Wannan har yau yana ci min rai, shi da ya gudu ya bar ta.

Sai daga baya a Anka wata ma'aikaciyar ƙungiyar likitocin agaji ta Na Gari Na Kowa ta gaya mana akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake fara sha cikin awa 72, akwai na hana ɗaukar ciki ma, kyauta. Mu a ƙauye wa ya taɓa gaya mana? Lokacin ita cikin har ya fito.

Yadda muka fita daga garin cikin dare da ƙafa, ni da ita da yaran, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku sa ta a addu'a don Allah.