Abin da na gani a sashen tsare-tsaren tattalin arziki

Masu turo min saƙo suna tambayar wai zuwa ma'aikatar gwamnati koyon sanin makamar aiki yana da amfani ga ɗalibin ikonomiks ko ɓata lokaci ne, to ga amsa nan gaba ɗaya don wallahi na gaji da maimaitawa. Yana da amfani, amma fa ba irin wanda kuke zato ba.

A aji an cika mu da zane-zanen layuka, wannan ya hau wancan ya sauka su haɗu a tsakiya, lakcara ya ce ga farashi nan. A ofis babu wanda ya taɓa tambayata wannan. Abin da aka miƙo min fayil ne na Excel, alƙaluman kuɗin da ma'aikatu suka kashe, wasu sun rubuto a miliyoyi wasu a biliyoyi, wata ma'aikatar ta canja suna a tsakiyar shekara sai ta fito sau biyu kamar tagwaye, ga gurabe wayam da ba ka san ko sifiri ake nufi ko mantawa aka yi ba. Aikina in daidaita su. Shi ke nan fa, kuma shi ya cinye mafi yawan zamana a wurin.

A nan na gane kasafin kuɗi ba lamba ɗaya ba ce. Akwai abin da majalisa ta amince da shi, akwai abin da baitulmali ya saki, sannan akwai abin da aka kashe da gaske, ukun nan da wuya su zo daidai. Rannan aka yi mitin, mutum biyu suka dinga ja-in-ja kan kuɗin wani ɓangare har murya ta fara tashi, ashe kowa da gaskiyarsa, ɗaya na farko yake karantawa ɗaya na uku. Ogan sashenmu, dattijo ne mara yawan magana, ya bari sai da suka gaji sannan ya ce a faɗa masa takardar da kowa ya ciro lambarsa. Tambayarsa ke nan kullum. In ka kai masa tebur ba ya fara duba jimillar, ƙasan shafin yake kai yatsa ya ce "ɗan nan, daga ina?" In ka ce "Yallaɓai daga intanet" to ka ɗauki abinka ka fita kawai.

Da farko na ɗauka tsananin tsufa ne, sai wata ma'aikaciya da nake kira Anti ta ba ni labarin Thomas Herndon. A 2010 wasu manyan masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na GDP ɗinta, wato jimillar darajar kaya da ayyukan da ƙasar ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arziki takan durƙushe, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙe wannan hujjar wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 Herndon, ɗalibi ne fa a jami'ar Massachusetts Amherst, aikin aji aka ba shi ya maimaita lissafin ya kasa samun amsarsu, da ya karɓi fayil ɗin nasu sai ya tarar an tsallake ƙasashe 5 wajen haɗa matsakaici a Excel. Da aka gyara wannan da wasu matsalolin, bunƙasar da aka ce ta yi ƙasa da sifiri ta koma wajen kashi 2.2. Tun daga ranar na daina raina aikin duba layi-layi.

Ita dai Antin ce ta zaunar da ni kan maganar shekarar da ake ɗora awon GDP a kanta, wato wadda ake amfani da farashinta wajen auna sauran shekaru. Najeriya ta sauya tata daga 1990 zuwa 2010 a shekarar 2014, aka wayi gari tattalin arzikin ya kai kusan dala biliyan 510 har ya wuce na Afirka ta Kudu, ba don wani ya ƙara arziki cikin dare ba, sai don harkoki irin su wayar salula da finafinai da tsohon awon bai kama su da kyau ba sun shigo lissafi. Ghana ma ta yi irin haka a 2010, nata ya ƙaru da kusan kashi 60. Wannan kam mun karanta a aji sama-sama, amma sai da na ga ana ƙoƙarin haɗa tsofaffin alƙaluma da sababbi a tebur ɗaya na san ciwon kan da ke ciki.

Sai rubutu. Duk wahalar nan a shafi ɗaya ake so ta ƙare, don mai sa hannun ba shi da lokacin karanta goma. Kuma a shafin nan dole ka iya cewa hauhawar farashi ta ragu ba tare da mai karatu ya ɗauka kaya sun yi sauƙi ba, alhali tashin ne kawai ya rage gudu. Jimla guda ce amma sai a yini ana juya ta.

Abin da ban so ba shi ne zaman jira. Takarda sai ta bi tebur bayan tebur, in mutum ɗaya ya yi tafiya komai ya tsaya cak, kuma in ba ka tashi ka nemi aiki da bakinka ba za a bar ka a kujera kana danna waya har ka gama, wasu da muka je tare haka suka yi ta yi. Ni dai Anti na maƙale wa, duk fayil ɗin da ta buɗe ina gefenta da tambaya har ta fara tura min nata in fara dubawa kafin ta iso. Ko zan nemi aiki a can bayan digiri ban yanke ba tukuna, zuciyata ta fi karkata hukumar ƙididdiga, tunda can ake haɗo alƙaluman tun daga tushe.