Na je ba da ƙoda, na dawo da nawa sakamakon

Jiya muka dawo daga asibiti a nan Gombe, har yanzu jikina a sanyaye yake. Shekara biyu ke nan Yaya yana wankin ƙoda, sau biyu a mako, awa huɗu-huɗu, duk sanadin ciwon suga. Da aka fara maganar dashe na ce ni zan bayar, ai uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Likita ta ce 'yan'uwantaka kaɗai ba ta isa ba. Sai jini da ƙwayoyin halitta sun dace, in ba haka ba jiki ya ga baƙuwar ƙoda ya yaƙe ta. Shi ya sa dashen farko da ya ɗore, a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi.

Ba mu ma kai can ba. Gwajin sugana kafin karyawa ya nuna 131, aka sake, 129. Daga 126 zuwa sama ciwon suga ne. Ni da nake cewa na Baba da Goggo tsufa ne! Ashe yana bin jini, ƙiba da yawan zama su tashe shi.

Yaya ya yi murmushi, ya ce, "Ƙanina, riƙe abarka." Shayin safen nan ba suga na sha shi, sai ka ce sabara.