Tayar da tsohon faifai a sabuwar VM ta Proxmox

Kafin ka kwashe faifan (disk) daga VMware ko VirtualBox zuwa sabuwar VM, wato kwamfutar da ake ƙirƙira a cikin manhaja, a Proxmox, bincika yadda yake tashi a can. A Linux, idan akwai /sys/firmware/efi to UEFI ne. A Windows kuwa buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. Wannan ne zai nuna maka ko OVMF (na UEFI) za ka zaɓa wa VM ɗin ko SeaBIOS (na tsohon BIOS), kuma in ka kuskure nan, baƙin allo kawai za ka yi ta kallo. Sannan ka kashe tsohuwar na'urar gaba ɗaya, ka haɗe duk snapshot ɗinta, don kada ka ɗauko faifan da bai ƙunshi aikin baya-bayan nan ba.

Ƙirƙiri VM ɗin ba tare da faifai ba, a ce lambarta 105, sai ka rubuta wannan a shell ɗin Proxmox, inda /root/tsoho.vmdk shi ne faifan da ka kwafo, local-lvm kuma ma'ajiyar da za a saka shi:

qm importdisk 105 /root/tsoho.vmdk local-lvm

Faifan zai fito a Hardware da sunan Unused Disk 0. Danna shi sau biyu ka haɗa, sannan ka je Options, ka shiga Boot Order, ka yi masa alama ka kai shi sama. Mutane da yawa suna manta wannan, sai VM ta koma neman tashi ta hanyar sadarwa.

Inda ake shan wuya shi ne Windows. Idan ka haɗa faifan ta VirtIO SCSI (hanyar haɗa faifai mai sauri ta VM) tun farko, zai buga shuɗin allo da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, saboda babu direban da zai karanta faifan da shi. Fara haɗa shi ta SATA. Bayan ya tashi, ƙara ɗan ƙaramin faifai na 1GB ta SCSI, ka saka direbobin virtio-win, ka tabbatar Windows ya ga ƙaramin. Daga nan ka kashe, ka cire babban, ka mayar da shi SCSI, ka sake gyara Boot Order. Akwai masu barinsa a SATA ɗin. Yana aiki, amma a ganina asarar gudu ce ba gaira ba dalili.

Linux ya fi sauƙin kai. Matsalarsa /etc/fstab ce idan an rubuta /dev/sda1 a ciki, domin ta VirtIO Block sunan yana komawa /dev/vda1. Yi amfani da UUID, wato lambar shaidar ɓangaren faifan, a madadin sunan. Katin sadarwa ma yakan sauya suna zuwa ens18, don haka sai an gyara saitin IP. Debian mai UEFI wani lokaci yakan tsaya a EFI Shell: danna Esc lokacin tashi, shiga Boot Maintenance Manager, ka nuna masa grubx64.efi a cikin EFI/debian. Ba zai riƙe wannan saitin ba sai ka ƙara wa VM ɗin EFI Disk.

Kada ka tayar da tsohuwar da sabuwar tare a layi ɗaya, adireshin IP ɗinsu zai yi karo.