Tarihin Rayuwar 'Ya'yan Koriya da Aka Kai Riƙo Ƙetare, Kashi na 5: Gwajin DNA

A makon jiya mun tsaya inda mai neman dangi ya karɓi takardunsa, ya tarar an rubuta shi maraya. Daga ƙarshen yaƙin Koriya a 1953 zuwa yau, yara kusan 200,000 aka fitar daga Koriya ta Kudu, akasari zuwa Amurka. A Maris 2025 hukumar binciken gaskiya da sasanci ta ƙasar ta tabbatar an yi ta rubuta masu iyaye a matsayin marayu, har da sauya wa wasu suna da na wani yaron. Mai irin wannan takarda, gwajin ƙwayoyin halitta ne abin da ya rage masa.

Rumbunan adana bayanan DNA biyu ne, kuma babu abin da ya haɗa su. Na farko na 'yan sandan Koriya ne, wanda aka tanada domin yaran da suka ɓata. Tun 2020 ana karɓar samfuri a ofisoshin jakadancin Koriya a ƙasashe 14, amma sai hukumar kare haƙƙin yara ta ƙasar ta ba da shaidar cewa ba a san dangin mutum ba. Ana goge cikin kumatu da auduga, a aika ɗakin binciken gwamnati. Ƙarfinsa wajen haɗa ɗa da iyayensa ne, kuma sai in uwa ko uba sun riga sun kai cigiya sun ba da nasu.

Na biyu na kamfanoni ne. AncestryDNA da 23andMe yawu suke karɓa a kwalba, FamilyTreeDNA da MyHeritage kuwa auduga, wadda ta fi sauƙi ga tsofaffi masu bushewar baki. Kada a ci, a sha, ko a tauna cingam minti 30 kafin ɗauka, domin wannan na cikin abin da ke ɓata samfuri. In sakamako ya fito, a sauke shi a ɗora a GEDmatch, shafin da ke kwatanta sakamakon kamfanoni daban-daban, saboda kowane kamfani mutanensa kaɗai yake nuna maka.

Ana auna kusanci da santimogan, wato ma'aunin yawan DNA da mutum biyu suka yi tarayya a ciki. Uwa da ɗa kusan 3,500, shaƙiƙai wajen 2,600, 'yan uba wajen 1,750, 'ya'yan wa da ƙani wajen 850. Nan ake yawan yin kuskure, domin 1,750 na iya zama ɗan uba, kawu, goggo ko kaka; shekarun mutumin ne za su taimaka wajen raba gardama. Mai 20 ko 30 kuwa, dangin nesa ne da wuya a kamo bakin zarensa, balle a ƙasar da masu sunan iyali Kim da Lee da Park suka kwashe kusan rabin jama'a.

Abin da ya fi ciwo shi ne mutanen cikin Koriya ba su cika shiga rumbunan kamfanonin nan ba. Sai mutum ya buɗe sakamako ya ga 'yan riƙo irinsa, kowa na cigiyar nasa. Shi ya sa ƙungiyar 325Kamra, da aka kafa a 2015, take kai kayan gwaji kyauta ga iyayen da ke neman 'ya'yansu, kuma iyayen nan tsufa ya cim musu.

Mako mai zuwa: yadda ake rubuta wasiƙar farko ga uwar da mijinta na yanzu bai san ta taɓa haihuwa ba.